Ma'adanan batura da maganaɗisu: za su ƙare ne, kuma tsofaffin kaya za su iya maye gurbin haƙa?

Tambaya: Ina yawan jin ana cewa duniya za ta shiga ƙarancin litiyam da kobal da sauran ma'adanan da ake yin batura da su. To tunda ana iya narkar da tsofaffin batura da wayoyi a ciro ƙarafan da ke cikinsu, me ya sa har yanzu ake buɗe sababbin mahaƙai ana ɓata ƙasa da ruwa? Kuma da gaske akwai haƙar ma'adinai da ba ta cutar da muhalli?

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da abin da zai kwantar maka da hankali. Ma'adanan nan ba ƙarewa za su yi a cikin ƙasa ba, ko a zamaninmu ko a na jikokinmu. Abin da ke hana masana barci shi ne saurin fito da su, da kuma 'yan tsirarun hannuwan da ke tace su. Sake sarrafa tsofaffin kaya kuwa dole ne a yi shi, kuma ni ina cikin masu ganin an yi masa riƙon sakainar kashi, amma shi kaɗai ba zai iya ɗaukar nauyin buƙatar duniya ba a cikin shekaru 20 masu zuwa. Zan faɗa maka dalili.

Ma'adini yana shiga jerin masu matuƙar muhimmanci ne idan ya cika sharaɗi biyu: masana'antu ba sa iya aiki sai da shi, kuma hanyar samunsa tana iya yankewa cikin sauƙi. Shi ya sa kowace ƙasa take da nata jerin. Amurka ta lissafa guda 50 a shekarar 2022, Tarayyar Turai kuma tana da 34. A ciki akwai litiyam da kobal da nikel da girafayit na batura, akwai galiyam da jamaniyam na ƙananan na'urorin kwamfuta, sannan akwai wata zuriyar ƙarafa 17 da ake kira masu wuyar samu, waɗanda daga cikinsu ake yin maganaɗisu mai ƙarfi na injin motar lantarki da na injinan iska. Tagulla ma, duk da tsufanta a hannun ɗan Adam, ita ce ƙashin bayan duk wani abu da ke ɗaukar wuta. Hukumar Makamashi ta Duniya ta nuna a rahotonta na 2021 cewa motar lantarki tana cin irin waɗannan ma'adanai ninki shida na abin da motar fetur ke ci, tashar lantarki ta iska a kan tudu kuma ninki tara na tashar gas. Daga nan ne buƙatar ta yi tsalle.

Dubi inda ake haƙo su. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango tana fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya. Indunusiya tana samar da fiye da rabin nikel. Litiyam kuwa Ostireliya ce kan gaba, tana fasa shi daga dutse, Chile kuma tana tsoto shi daga ruwan gishiri a ƙarƙashin hamadar Atacama. Wannan kaɗai ya isa ya tayar da hankali, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Dutsen da aka haƙo ba ya shiga batir kai tsaye. Sai an niƙa shi, an dafa shi da sinadarai, an tace shi har ya yi tsarkin da masana'anta za ta karɓa. A wannan mataki Sin ce ke riƙe da ragama: ita ke tace mafi yawan litiyam da kobal, fiye da kashi 90 na girafayit ɗin batura, da kusan kashi 90 na ƙarafa masu wuyar samu. Mai mahaƙa a Ostireliya ko Kwango sau da yawa ba shi da inda zai kai kayansa sai matatar Sin.

Duniya ta fara ɗanɗana ma'anar wannan a 2010, lokacin da rikicin jirgin kamun kifi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan kusa da wasu tsibirai da suke jayayya a kansu, aka ga jigilar ƙarafan maganaɗisu zuwa Japan ta tsaya. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2011. Japan ta ɗauki darasi, ta zuba kuɗi a kamfanin Lynas da ke haƙa a Ostireliya yana tacewa a Malesiya, ta rage dogaronta da Sin daga kusan kashi 90 zuwa wajen kashi 60. Ka lura, shekaru ta kwashe kafin ta cim ma hakan. Sauran ƙasashe suka koma barci da farashi ya sauka, sai da Sin ta sa takunkumin lasisin fitarwa a kan galiyam da jamaniyam a 2023, da girafayit a ƙarshen wannan shekarar, da wasu ƙarafan maganaɗisu bakwai a watan Afrilun 2025, sannan kowa ya farka. Ba Sin kaɗai ke amfani da wannan dama ba: Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen nikel tun Janairun 2020 don a gina matatu a cikin ƙasarta, Kwango kuma ta dakatar da fitar da kobal a Fabrairun 2025 saboda farashi ya karye.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Sin ba da dare ɗaya ta samu wannan matsayi ba, kuma ba kyauta ba. Mahaƙar Mountain Pass da ke Kalifoniya ita ce a da take ciyar da duniya da ƙarafa masu wuyar samu, aka dakatar da haƙa a can a 2002 bayan matsalar malalar gurɓataccen ruwa da gasar kaya masu araha. Dattin da ƙasashen Yamma suka ƙi ɗauka, garin Baotou da ke arewacin Sin ne ya ɗauka, da makekiyar tafkinsa ta baƙar laka mai guba. Duk ƙasar da take son ta gina matata yau, dole ta amsa tambayar inda za ta kai wannan datti.

Abubuwa biyu ne ke sa kasuwar ba ta iya gyara kanta da sauri. Na farko lokaci: a ƙiyasin Hukumar Makamashi, daga gano ma'adini zuwa fitar da tan na farko ana ɗaukar fiye da shekara 16 a matsakaici, alhali masana'antar batir ana gama gina ta cikin shekara biyu ko uku. Na biyu, da yawansu ba don kansu ake haƙo su ba. Kobal yana biyo tagulla ko nikel ne, galiyam yana fitowa wajen tace ƙasar alminiyam, jamaniyam da indiyam wajen tace tutiya. Ko farashin galiyam ya ninka goma, babu wanda zai buɗe sabuwar mahaƙar alminiyam saboda shi. Ga kuma hawa da saukar farashi: litiyam ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, sannan ya faɗi da kusan kashi 80, masu zuba jari da yawa suka janye daga ayyukan da duniya za ta buƙata bayan shekara goma.

Yanzu mu zo ga zuciyar tambayarka. Ƙarfe ba ya tsufa. Tagullar da aka narkar sau ɗari daidai take da wadda aka haƙo jiya, kuma sake narkar da alminiyam yana rage kusan kashi 95 na makamashin da ake kashewa wajen yin sabo. To me ya hana? Lissafi ne mai sauƙi: ba ka iya sake sarrafa abu sai wanda ya gama aikinsa. Garin da ke faɗaɗa kullum ba zai iya gina sababbin unguwanni da bulon gidajen da suka rushe kaɗai ba, domin gidajen da ke rushewa bana an gina su ne lokacin da garin yake ƙarami. Batirin mota yakan yi shekara 10 zuwa 15, wani ma bayan an cire shi daga mota a mayar da shi ajiyar wutar sola ya ƙara wasu shekaru. Baturan da ke mutuwa yau na motocin da aka sayar ne a lokacin da duniya ba ta sayar da ko miliyan ɗaya a shekara, alhali a 2024 an sayar da fiye da miliyan 17. Ko da an tattara kowane mataccen batir an ciro komai da ke cikinsa, abin da za a samu ɗan kaɗan ne a kan buƙatar bana. Shi ya sa mafi yawan abin da matatun sake sarrafawa ke ci yanzu rarar masana'anta ce, wato yankakku da baturan da suka lalace tun wajen ƙira.

Wannan hali zai canza, sai dai a hankali. Hukumar Makamashi ta ƙiyasta a 2024 cewa idan aka faɗaɗa aikin yadda ya kamata, zuwa 2050 zai iya rage buƙatar sababbin mahaƙai da kusan kashi 40 a tagulla da kobal, da kusan kashi 25 a litiyam da nikel. Adadi ne babba, amma ka ga ko a 2050 ɗin haƙa ba ta tsaya ba.

Aikin kansa ma yana da wuya. Da farko sai an zuƙe wutar da ta rage a batirin, domin batirin litiyam da aka huda yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Sai a kwance shi, a niƙa, a ware roba da alminiyam da tagulla, a bar wani baƙin gari wanda a cikinsa ne dukiyar take. Daga nan hanya ta rabu. Wasu suna zuba shi a tanderu mai tsananin zafi, kamar yadda kamfanin Umicore ke yi a Beljiyam. Wannan hanya ba ta zaɓen kaya, tana ba da kobal da nikel da tagulla, amma girafayit ya ƙone, litiyam kuma ya bi cikin kashin ƙarfe sai an sake bin sa. Wasu suna narkar da garin a ruwan asid su ware ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Wannan tana ceto fiye da kashi 90 na kobal da nikel, tana kama litiyam, amma tana cin sinadarai tana barin gurɓataccen ruwa. Hanya ta uku, wadda nake ganin ita ce mafi kyau idan ta nuna, ita ce a gyara hodar batirin a mayar da ita aiki ba tare da an wargaza ta ba. Har yanzu ba ta kai matakin manyan masana'antu ba, kuma tana buƙatar a ware batura iri-iri kafin a fara.

Sai wata matsala da nasara ta haifar. Don guje wa tsadar kobal da nikel, masu ƙera motoci sun koma ga batirin litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet, wanda ake kira LFP, har ya kai kusan rabin kasuwar baturan motoci. Wannan alheri ne ga samar da kaya, amma mai sake sarrafawa da kobal yake cin riba. Batirin da ba shi da kobal ko nikel, kuɗin kwance shi yana iya fin abin da za a ciro. Idan doka ba ta tilasta ba, irinsa zai ƙare a juji.

Maganaɗisu ya fi haka muni. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 na ƙarafa masu wuyar samu ake ceto wa. Dalili shi ne ƙanƙantarsu: ɗan gutsure a lasifikar waya, wani a injin kwamfuta, an manne su da gam, kuma idan aka niƙa na'urar sai garin maganaɗisun ya manne a jikin baƙin ƙarfe ya tafi tare da shi tanderu.

Amma babban ramin da kaya ke zurarewa yana gaban duk wannan: tattarawa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22.3 kacal aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. Ƙarafan da ke cikin wannan shara an kimanta su a dala biliyan 91. Sauran suna cikin durowa, ko a juji, ko a hannun masu ƙona wayoyi a fili su ciri tagulla suna shaƙar hayaƙin. Mun san tattarawa tana yiwuwa, domin batirin dalma na mota ana mayar da kusan kashi 99 nasa a Amurka. Siffarsa ɗaya ce, yana da nauyi da daraja, kuma mai saye yana karɓar kuɗi idan ya dawo da tsohon. Japan ma ta ƙera lambobin yabo kusan 5,000 na gasar Olamfik ta Tokyo da ƙarafan da aka ciro daga na'urorin da jama'a suka bayar, ciki har da wayoyi fiye da miliyan 6. Kada dai a ɗauka duk sake sarrafawa tsafta ce. A wata unguwa a gefen Dakar, babban birnin Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 sakamakon gubar dalma daga fasa tsofaffin batura da hannu. Aikin da ba shi da kariya kisa yake yi, ko a mahaƙa ko a juji.

Ka tambaya ko akwai haƙar da ba ta cutar da muhalli. Babu. Duk wanda ya ce maka akwai, talla yake yi. Ramin da aka haƙa ba ya mayar da abin da aka ɗebe. Abin da ke akwai shi ne tazara mai faɗi ƙwarai tsakanin mahaƙa mai kula da marar kula, kuma a wannan tazarar ne rayukan mutane suke.

Abu mafi haɗari shi ne laka. Dutsen tagulla na yau yawanci bai kai kashi 1 cikin 100 na tagulla ba, wato kafin a sami tan ɗaya sai an niƙa fiye da tan 100, ragowar kuma a tara shi a bayan madatsa yana jiƙe. Ingancin dutsen yana ƙara raguwa, don haka lakar tana ƙaruwa. A Janairun 2019 irin wannan madatsa ta ɓalle a Brumadinho ta ƙasar Barazil ta kashe mutum 270, da yawansu ma'aikata ne suna cin abincin rana. Shekara uku da 'yan watanni kafin nan, madatsar Mariana, ita ma a Barazil, ta kashe 19 ta lalata kogin Doce har zuwa teku. Bayan haka ne aka fitar da ƙa'idar duniya ta kula da lakar mahaƙai a 2020. Maganin an san shi: a matse ruwan lakar a jibge ta a bushe, a daina ɗora bango a kan tsohuwar laka, a sa masu bincike masu zaman kansu. Yana da tsada, kuma wannan tsadar ce ake gudu.

Ruwa shi ne na biyu. A Atacama ana shanya ruwan gishiri a manyan tafkuna fiye da shekara guda kafin litiyam ya taru, a yankin da yake cikin mafi bushewa a duniya, kuma 'yan asalin wurin sun daɗe suna kuka da halin da ruwansu yake ciki. Ana gwada hanyar ciro litiyam kai tsaye a mayar da ruwan ƙasa, sai dai ita ma tana cin ruwa mai daɗi da wuta, kuma ba kowane ruwan gishiri take karɓa ba. Mahaƙar Escondida ta Chile, wadda ta fi kowace samar da tagulla, ta koma tace ruwan teku tana tura shi sama da mita 3,000 a kan duwatsu. Makamashi ma yana da nasa: nikel ɗin Indunusiya da ke shiga motoci marasa hayaƙi, mafi yawansa da wutar kwal ake narkar da shi, bayan an sare daji a tsibirin Sulawesi.

Sai mutane, waɗanda ni a wurina su ne ma'auni. A yankin Kolwezi na Kwango dubban mutane suna haƙar kobal da hannu a ramuka marasa tokari, har da yara. Wasu kamfanoni sun ga mafita ita ce su daina sayen kayan masu haƙar hannu gaba ɗaya. Ban yarda da wannan ba. Iyalan ba su da wata sana'a, kayansu kuma ba ya daina fita, sai dai ya bi ta bayan fage a farashi mafi muni. Abin da ke taimako shi ne a ba su fili bisa doka, da kayan kariya, da ma'auni na gaskiya, a kuma samar wa yara makaranta. Cin zarafi bai tsaya a ƙasashe matalauta ba: a Mayun 2020 kamfanin Rio Tinto ya tarwatsa kogunan dutse na Juukan a Ostireliya, wuraren da 'yan asalin ƙasar suka zauna tun shekara 46,000 da suka wuce, kuma da izinin doka ya yi. Mahaƙar da ba ta nemi yardar masu ƙasa ba tun kafin ta sa diga, kuma ba ta ajiye kuɗin gyaran wurin ba tun ranar farko, ba ta cancanci a kira ta mai ɗorewa ba.

Wasu suna cewa a koma ƙasan teku, inda dunƙulen nikel da kobal da manganis ke kwance a zurfin mita 4,000 tsakanin Hawayi da Meziko. Dunƙulen nan 'yan milimita suke girma a shekara miliyan, kuma yawancin halittun da ke rayuwa a kansu ba a ko ba su suna ba. Ra'ayina a dakata.

Duk da abin da na lissafa, kada ka fita da tunanin cewa gara a zauna a kan fetur da kwal. Duniya tana haƙo fiye da tan biliyan 8 na kwal a kowace shekara, a ƙona shi ya tafi, badi a sake haƙo wani. Tagullar da ake haƙowa a shekara ba ta wuce tan miliyan 23 ba, litiyam kuma 'yan ɗaruruwan dubban tan ne, kuma da zarar sun fito suna nan a hannunmu. Ko an haɗa da tarin dutsen da ake turewa, bambancin da ke tsakanin abin da ake ƙonawa da abin da ake ajiyewa yana nan. Litiyam ɗin da aka haƙo bana zai iya zagayawa cikin batura har tsawon ƙarni, idan an ƙera batirin yadda za a iya kwance shi kuma an san hanyar da zai dawo.

A nan ne doka ke da aiki, domin kasuwa ba ta biyan kuɗin abin da ribarsa sai bayan shekara 15. Tarayyar Turai ta yi gaba a wannan. Dokarta ta batura ta 2023 ta wajabta a ceto kashi 50 na litiyam zuwa ƙarshen 2027 da kashi 80 zuwa 2031, kobal da nikel da tagulla kuma kashi 90 sannan 95. Daga 2031 dole manyan sababbin batura su ƙunshi aƙalla kashi 16 na kobal da kashi 6 na litiyam da kashi 6 na nikel waɗanda aka sake sarrafawa, wato an samar wa mai sarrafawa kasuwa ko da farashin ɗanyen kaya ya faɗi. Daga 2027 kowane batirin mota zai zo da takardar shaida ta intanet mai nuna abin da ke cikinsa. Dokarta ta ma'adanai ta 2024 kuma ta sa burin cewa zuwa 2030 ta haƙo kashi 10 na buƙatarta, ta tace kashi 40, ta samu kashi 25 daga sake sarrafawa, kuma kada ta dogara da ƙasa ɗaya fiye da kashi 65. Da wuya ta cim ma duka a kan lokaci, musamman ɓangaren tacewa.

Akwai kuma hanyar da ta fi duka araha, wadda ba a son magana a kanta saboda ba ta sayar da kaya: rage buƙatar tun daga tushe. Batirin babbar mota guda yana iya isar ƙananan motoci biyu ko uku, ko kekunan lantarki fiye da 100. Bas ɗaya mai lantarki yana ɗaukar mutanen da za su cika motoci da yawa. Wayar da ake iya canza mata batir ta yi shekara shida maimakon uku ta rage rabin ma'adinin da mai ita zai ci, kuma wannan hukunci ne da injiniya ke yankewa a teburin zane, lokacin da yake zaɓa tsakanin gam da noti.